Ranar da Na Bi Kula Har Tsafe

Kwanakin baya wasu matasa biyu suka kafa tebur a tsallaken titi, daura da nawa, nan kusa da tasha a Gusau. Salak suke sayarwa da burodi mai haɗi. Ɗayansu ya tsallako ya gaishe ni, ya tsaya yana kallon yadda nake yanka kabeji, ya ce, "Baba Garba, ai sana'ar nan ba ta da wata wahala. Ka yanka ganye, ka zuba bama, ka miƙa." Na ce masa haka ne. Da ya juya sai na hango kwalbar bamarsu a buɗe cikin rana, da cokali tsaye a ciki, kuma da shi na ga sun ɗebi kifin gwangwani. Ranar abincin rana bai shiga bakina ba. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, don su da ire-irensu. Karatuna bai wuce firamare ba, amma abin da zan faɗa hannuna ne ya koya mini.

Bari in fara da bamar kanta, domin ita ce ke kayar da mutum a sana'ar nan. A bakin mutanenmu duk wani farin abu mai kauri da ake sa wa salak sunansa bama, ko wane ne ya yi shi. Akwai ta kwalba mai kauri, wadda cokali yake tsayawa a cikinta. Akwai mai ruwa-ruwa mai ɗan tsami, wadda ake tsiyayawa, ita ma bama suke ce mata. Akwai ta leda da mai shayi yake yagawa da haƙori ya shafa a burodi. Akwai kuma ta hannu, wadda ake bugawa da ɗanyen ƙwai da mai. Direba in ya ce "a sa mini bama," so yake ta rufe ganyen har kada ya ga kore. Ma'aikacin ofis in ya faɗi haka, kan cokali yake nufi. Wata mata ma ta taɓa aiko a sayar mata da cokali uku, na tambaya ko in haɗa da kabeji, aka ce a'a, a gashi za ta shafa. Suna ɗaya ne, amma kowacce da halinta. Ta kwalba tana da haƙuri. Ta hannu ba ta da shi ko kaɗan. Wanda bai san wannan bambanci ba bai fara sana'a ba tukuna.

Aikina na farko a wajen maigidana, marigayi Baba Haruna mutumin Bungudu, wankin latas ne. Na zo masa da girmana, bayan na gaji da noma a Wonaka, na ɗauka a mako ɗaya zan riƙe wuƙa. Sai da na shekara ban taɓa ta ba. Ruwa uku ake yi wa ganye: na farko ya fitar da ƙasa, na biyu da gishiri, na uku ɗauraya. Ganye ɗaya-ɗaya ake buɗewa, domin tsutsa a gindin ganye take kwanciya. In Baba Haruna ya tauna ya ji ƙasa ko ƙwaya ɗaya, ba ya faɗa. Sai dai ya juye kwandon duka cikin ruwa ya koma ya zauna. Lokacin ba mu san bama ba. Kwaɗo muke yi da ƙuli-ƙuli da tumatir da albasa da man gyaɗa, mutane su ci su lashe hannu.

Ranar da kwalbar farko ta zo teburinmu, Baba Haruna ya buɗe ta ya daɗe yana sunsunawa. Ya tambayi wanda ya kawo da me ake yinta, aka ce da ƙwai. Nan take ya kafa mata dokoki uku, kuma har yau su nake bi. Cokalinta nata ne ita kaɗai, ba ya shiga komai. Mazauninta cikin kasko ne mai jiƙaƙƙen yashi a ƙarƙashin tebur, inda rana ba ta kaiwa. Na uku shi ne babba: ba a haɗa ta da ganye sai mai ci ya tsaya a gabanka. Na taɓa haɗa faranti biyar tun da hantsi don in rage wa kaina aiki in motoci sun iso. Ya dube su, ya ce, "Garba, wa za ya ci wanga?" Na ce masu zuwa. Ya ce, "To ka jira su zo." Ya zubar da su a gabana.

Kayan aikina ba su da yawa. Wuƙa biyu, ɗaya ta ganye ɗaya ta albasa, don albasa tana bin wuƙa. Katakon yanka, wanda nake kankarewa da gishiri kullum. Magogin karas. Farin ƙyalle da nake jiƙawa in rufe yankakken ganye. Sai maburgi, irin na miyar kuka, wanda ya shigo cikin kayana a shekarar da zan ba ku labarinta.

Ita ce shekarar da aka yanke layin waya, aka rufe kasuwannin mako saboda halin da ƙauyuka suke ciki. Motocin kaya suka ragu, bamar kwalba ta yi wuyar samu, wutar lantarki kuwa sai dai labari. Wani tsohon kuku da yake cin salak a wurina ya koya mini bugun ta hannu. Za ka sa ƙwai a ruwa tukuna, wanda ya taso sama ka yar. Ka ware gwaiduwa, ka sa gishiri da ɗan sukari da ruwan lemon tsami, ka riƙa ɗiga mai kaɗan-kaɗan kana murza maburgi tsakanin tafukanka. In ka yi gaggawa ta tsinke, mai ya ware gefe. Ya ja mini kunne cewa wannan bamar ɗanyen ƙwai ce, in ta ji ɗumi na 'yan awoyi za ta iya kwantar da gida guda, kuma ba lalle hanci ya gane ba. Tun daga ranar nake bugun kaɗan-kaɗan, sau uku a yini, abin da ya rage kuma ba ya kwana.

Cikin wannan hali Hajiya Rabi ta unguwar Damba ta aiko a kira ni. Ta daɗe tana sayen salak a wurina. 'Yarta za a kai ɗakin miji a Tsafe, tana son salak mai yawa ya bi abincin da za a tafi da shi gidan ango. A shekarar da rana ake kai amarya, saboda ba mai son yamma ta yi masa a hanya. Motoci za su tashi da hantsi, a ci abinci bayan la'asar in baƙin ango sun taru. Na ce a ba ni wuri a mota in je in haɗa da hannuna. Ta ce, "Malam Garba, motar mata ce zalla, ina zan sa ka? Bisa kaya?" Da na san abin da zai biyo baya, da na ce a sa ni bisa kayan.

Da sassafe na kai aikin. Kabeji da karas da kokwamba a babbar roba, rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Bama ta hannu a bokiti mai murfi, bokitin a zaune cikin baho da ƙanƙarar da na sha wuya kafin in samo. Na yi wa Hajiya bayani sau uku: kada a haɗa, kada a cire bokitin daga ƙanƙara, sai za a ci. Ta yi dariya ta ce, "Na ji, na ji. Kai dai ba ka rabuwa da tsoro."

Na koma tebur, amma hankalina yana Damba. Wajen azahar na ce bari in je in ɗauko ƙyallena, alhali ina da wani. Ina shiga zaure na hango bokitina a tsakar gida, wankakke, a kife a rana. Bahon ƙanƙara kuma an jera robobin zoɓo a ciki.

Inna Asabe ce ta fito, dattijuwar da take shugabantar girkin bikin. Na ce, "Inna, ina bamar da ke cikin bokitin can?"

Ta ce, "Ai mun rage maka aiki. Mota ba wuri, ga roba ga baho ga bokiti. Sai munka cakuɗa shi wuri ɗaya munka juye a babbar kula. Ya yi kyau hwa, fari tas."

Na ce, "Wace kula?"

"Irin ta shinkafa. Kada ka damu, ni da kaina na ɗauraye ta da tafasasshen ruwa, na rufe ta ta ɗau zafi, kana munka zuba. Ni ba ni aikin ƙazanta."

Gaskiya ta faɗa. Haka kowace mace mai tsabta take yi wa kula kafin ta zuba shinkafa ko tuwo, don abinci ya kai yamma da zafinsa. Ba ta yi don ɓarna ba. Amma ni abin da na ji shi ne an kulle ɗanyen ƙwai cikin ɗumi tun ƙarfe tara, an ɗora a mota cikin zafin nan na bayan damina, kuma sai bayan la'asar yara da tsofaffi za su ci.

Hajiya Rabi ta fito, na gaya mata. Ta ɗauki waya ta kira ƙanwarta da ta raka amarya, sannan ta tuna. A Gusau an dawo da layi, a Tsafe ba a dawo da shi ba. Ta ce, "To yanzu mi za a yi? Ba dai cewa za ka yi a je gidan surukai a amshe abincin da munka kai ba? Ranar farko? Malam Garba, kada ka kunyata ni." Inna Asabe ta ce, "Wai duk a kan ganye? Allah na tsarewa." Na ce Allah na tsarewa, amma ni na buga bamar nan, na san abin da ke cikinta. Na ce wa Hajiya ba zan ambaci sunan kowa ba, laifin a kaina zan ɗora shi. Sannan ta faɗa mini sunan mahaifin ango da unguwarsu.

Ban taɓa rufe tebur da rana ba sai ranar. Na kwashe kabejin da ya rage da karas, na ɗauki ƙwai da mai da lemon tsami, wuƙa da katako da maburgi, na zuba a buhu. A tasha na tarar da motar Tsafe da mutum biyu kacal a ciki. Direbanta Sale ne, wanda kullum yake cewa in rufe masa kore. Na gaya masa abin da ake ciki. Ya ce, "Kai Garba, tun da nike ban taɓa jin an bi salak da mota ba." Ya dubi fuskata, ya dubi rana, ya ce, "Shiga. Amma ka sani, ana sallame la'asar zan juyo, ko da kai ko ba kai."

A wani shingen jami'an tsaro aka sauke mu aka duba kaya. Jami'in ya zaro wuƙata ya ɗaga, ya ce ta mece ce. Na ce ta kabeji ce. Ya zaro maburgi, ya zaro ƙwai, ya ce, "Baba, miya za ka kaɗa a hanya?" Na fara yi masa bayanin bama ta hannu tun daga gwaiduwa. Sale ya ce, "Ranka ya daɗe, in ka bar shi ya fara, nan za mu kwana." Jami'in ya yi dariya ya mayar mini da kayana. Duk tsayawar da muka yi ina duban inuwar mota a ƙasa, ina ganin tana ƙara tsawo.

Mun shiga Tsafe ana shirin kiran la'asar. Gidan bai yi wuyar ganewa ba, ga rumfa ga motocin Gusau. Sai dai ni baƙo ne kuma namiji, ba ni da hanyar shiga cikin gida. Na yi sallama a zaure na ce a kira mini wadda abincin gidan amarya yake hannunta. A al'ada ba mai taɓa shi sai gwaggon ango ta gani ta raba. Can sai ga ta, doguwar dattijuwa, ana kiranta Gwaggo Kulu.

Na durƙusa na gaishe ta, na ce ni ne mai salak daga Gusau, na zo ne a kan babbar kular salak, ina roƙon kada a ci abin da ke ciki.

Ta ce, "Ikon Allah. Su sunka aiko ka ka amshe?"

Na ce, "A'a, Gwaggo, ba wanda ya aiko ni. Bamar da ke ciki ni na buga ta da ɗanyen ƙwai, ba ta jure zafi, ban kuma biyo ta ba yadda ya kamata. Laifina ne. Ga kaya na zo da su, yanzu zan yi sabo a gabanki."

Ta sa aka fito da kular. Da aka ɗaga murfi, gumi ya tsiyayo daga cikinsa. Na kai bayan hannuna kusa, na ji ɗumi kamar na jikin mai zazzaɓi. Kabejin ya saki, ruwa ya kwanta a gefe, mai yana yawo a kai. Wari kuwa babu, sai ɗan tsami. Gwaggo ta ce, "Wanga ai lafiya lau yake," ta miƙa yatsa za ta lasa. Ban san lokacin da na mayar da murfin ba, saura kaɗan in datse mata hannu. Ta dube ni, na ba ta haƙuri. A lokacin ne na lura da wani rami a gefen salak ɗin, gurbin ludayi biyu.

Na ce, "Gwaggo, an ɗiba?"

Ta ce, "Na Baba Tsoho kaɗai. Ai shi aka fara kai ma wa, kakan ango ne."

Na ce a nuna mini inda yake. Aka zagaya da ni wata rumfar kara a gefen gida. Ga tsoho a kan buzu, ya haura tamanin, yana jan carbi. Ga farantin shinkafa ya cinye rabi. Ga wani faranti a gefe, rufe da faifai. Na gaishe shi, na ce, "Baba, ka ci wancan?"

Ya ɗaga faifan da bakin sandarsa, ya ce, "Wanga? Ɗanyen haki an shafe shi da man shafawa? Ni akuya ne? Na aje ma jikokina, in sun taso daga makarantar allo su ci."

Na ce alhamdu lillahi har sau nawa ban sani ba. Na ɗauke farantin da hannu biyu. Tsohon ya ce, "Kai kuma daga ina? Mutanen Gusau har abin da sunka ba ka sai su biyo shi?"

Aka shimfiɗa mini tabarma a gindin dalbejiya a ƙofar gida. Na wanke hannu, na wanke ganye ruwa uku duk da Sale yana tsaye a kaina yana duban agogo. Na yanka, na goga karas, na fasa ƙwai na kama murza maburgi. Maza suka fito daga masallaci suka kewaye ni. Wani ya ce, "Ashe abin nan da maburgi aka yinshi? Ni na ɗauka daga Turai yake zuwa." Wani ya ce in dai haka ne matarsa ma za ta iya. Ni dai idona na kan maburgi, don in ka ɗauke ido mai ya zuba da yawa, ta tsinke. Allah ya taimake ni ba ta tsinke ba. Abin da na kawo bai kai na farko yawa ba, amma faranti-faranti na riƙa haɗawa ana shiga da shi, kowa ya samu ɗan kaɗan.

Tsohon salak ɗin kular kuwa, mata suka ce a zuba wa kaji. Na ce a'a. Na ari fartanya na haƙa rami a bayan gida, na juye shi har da na farantin Baba Tsoho, na mayar da ƙasa na tattake. Gwaggo Kulu tana tsaye tana kallona. Ta ce, "Kai ko gawa ba a yi wa wagga rakiya." Na yi sallata a gurguje, Sale yana ta danna oda. Mun shigo Gusau rana ba ta faɗi ba.

Duk da haka sai da na kwana biyu ina tunanin ko wata ta lashi ludayin da aka ɗiba da shi. Ba waya, ba wanda zan tambaya. A rana ta uku ƙanwar Hajiya ta dawo, ta biyo ta teburina ta ce kowa lafiya, ko ciwon kai ba wanda ya yi. Ta ce a Tsafe ba a maganar kayan ɗakin amarya kamar yadda ake maganar mutumin da ya biyo kula. Hajiya Rabi ba ta ji kunya ba, surukanta cewa suka yi gidan da ke da irin wannan kulawa gidan kirki ne. Ranar na ci abinci har na ƙara.

Tun daga nan ba na karɓar aikin biki sai in zan je in haɗa da hannuna, ko da bisa kaya za a ɗora ni. In an ce a kawo bama, sai na tambaya wacce, nawa ne masu ci, ƙarfe nawa za a ci, kuma a cikin me za a ɗauka. Wasu suna cewa tambayata ta yi yawa, su tafi wani wuri. Ba komai.

Ku da kuka kafa tebur a tsallaken titi, ba na baƙin ciki da ku, titin ya ishe mu. Abin da nake roƙo kaɗan ne: ku rufe kwalbar nan, ku sauke ta daga rana, ku saya mata cokalinta. Yanka ganye kowa ya iya. Sana'ar tana cikin awoyin da ke tsakanin hannunka da bakin mai ci.

Bayan shekara guda aka sake kirana Tsafe, amaryar nan ta haihu za a yi suna. Wannan karon da wurina a gaban mota. Na sauke kaya a zaure na fita in yi alwala. Ina dawowa na ji muryar Gwaggo Kulu daga ciki. Ta sa kujera ta zauna a gaban bokitina, ƙafarta ɗaya a kan bakin bahon ƙanƙara, tana ce wa matan gidan, "Duk wadda ta kusanto da kula nan sai na saɓa mata. Ba a haɗawa sai mai ci ya tsaya. Ku jira mai haki ya gama alwala."